Daga Bakan Gizo Zuwa Gajimaren Fenti: Tarihin Adon Saman Ɗaki a Ƙasar Karaye da Rogo

1.0 Gabatarwa

A cikin 'yan shekarun nan wani sabon ado ya shigo gidajen Hausawa, watau zana sararin samaniya a saman ɗaki. Mai fenti yakan shafe silin da shuɗin fenti, sa'an nan ya bi shi da fari ya fitar da gizagizai, ta yadda wanda ya kishingiɗa a falo ya ɗaga kai zai ga kamar an yaye rufin ne. Wasu kuwa ba sa neman mai fenti, sai su sayo shimfiɗar roba ko ta takarda wadda inji ya riga ya buga wa hoton gajimare, a liƙa ta, wani lokaci har a sa ƙwan lantarki a bayanta. Adon ya fara ne daga manyan birane, kuma kamar sauran yayi, yana bin hanyar mota zuwa garuruwan karkara.

Galibi akan ɗauki wannan ado a matsayin baƙo tsantsa, wanda ba shi da dangi a ƙasar Hausa. Akwai gaskiya a wannan zance, sai dai ba ta cika ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa magina Hausawa sun daɗe da shigar da sama cikin ɗaki, amma a cikin ƙirar rufin da sunayen sassansa suka ajiye ta. Abin da ya faru a ƙarni na 20 shi ne rufi ya rabu da abin da ido ke gani idan an ɗaga kai, sai sama ta tashi daga hannun magini ta koma hannun mai fenti. An zaɓi ƙasar Karaye da Rogo domin yin wannan nazari saboda dalilai biyu. Na farko, tana tsakanin Kano da Zariya, birane biyu da suka yi fice a ginin soro. Na biyu, ƙasa ce ta marina, kuma za a ga yadda karofi ya shiga cikin tarihin rufi.

2.0 Ƙasar Karaye da Rogo

Karaye tsohon gari ne a yamma da birnin Kano. Littafin Tarihin Kano ya ambace shi a zamanin Sarki Muhammadu Zaki (1582-1618) da Sarki Muhammadu Nazaki (1618-1623), lokacin da ake gwabzawa tsakanin Kano da Katsina, ya kuma danganta garin da Wambai Giwa, wanda aka san shi da aikin faɗaɗa ganuwar Kano. Rogo kuwa tana kudu da Karaye, ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga Karaye zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2024 aka soke wannan doka, aka yi wata wadda ta kafa masarautar Karaye mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. A ƙasar Karaye ne kuma madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992.

Abubuwa biyu game da wannan ƙasa sun shafi zancen rufi kai tsaye. Na farko shi ne ruwan sama. Kudu maso yammacin Kano ya fi arewacinta samun ruwa, kuma masu nazarin gine-gine, irin su J. C. Moughtin wanda littafinsa kan ginin Hausawa ya fito a 1985, sun lura cewa shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa ya fi yawa a arewa inda ruwa ke da ƙaranci, alhali idan aka doshi Zariya sai rufi mai tulluwa ya yawaita, domin ya fi saurin zubar da ruwa. Na biyu shi ne rini. Binciken Philip Shea na 1975 kan sana'ar rinin tufafi a ƙasar Kano a ƙarni na 19 ya nuna cewa ba a birni kaɗai karofi yake ba, har garuruwan karkara sun bunƙasa da shi, kuma Zarewa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Rogo, tana cikin waɗanda suka yi suna.

A wannan yanki na Zarewa ne Baba ta Karo ta tashi, matar da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Labarin nata taga ce ta leƙa gidajen mutanen karkara na wannan ƙasa kafin zuwan Turawa da bayansa. Ya kamata a tuna cewa a irin waɗannan gidaje ɗakin yawancin mutane na jinka ne. Wanda ya ɗaga kai a ciki, tsaiko da tanka zai gani, da kunkunniyar hayaƙin wutar hunturu. Adon ɗakin mace yana jikin bango, watau jeren ƙore da tasoshi, daga baya kuma kwanuka. Soro mai adon sama na sarakuna ne da attajirai da manyan malamai, sai kuma masallacin Juma'a.

3.0 Rufin Soro da Sunayensa

Matsalar da ta fuskanci magini Bahaushe tun asali ita ce rashin dogon itace mai ƙarfi. Abin da yake da shi shi ne azara, wadda ake tsagowa daga gangar jikin giginya, an kuwa fi son ta namiji saboda tauri. Azara ba ta jin gara, tana kuma daɗewa ƙwarai, amma idan aka ɗora mata nauyin ƙasa ba ta iya ƙetare fili da ya wuce kimanin mita 2 ba tare da ta sunkuya ba. Saboda haka ɗaki mai faɗi yana bukatar ko dai ginshiƙai a tsakiya, ko kuma wata dabara.

Dabarar ita ce baka. Magini yakan kafa azara a cikin bango tun ginin bai kai ƙarshe ba, ya bar kanta ya leƙo cikin ɗaki. Sai ya ɗora wata a kanta, ta ɗan zarce ta farko, ya ɗaure su da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Haka zai riƙa yi daga ɓangarori biyu, hawa bayan hawa, kowane hawa yana ƙara karkata ciki, har su haɗu a tsakiya. Kowane rabi ana kiransa ƙafa, shi ya sa ake auna girman soro da yawan ƙafafunsa. Idan an gama, sai bakunan su raba saman ɗaki gida-gida, kowane gida bai fi ƙarfin azara ba. A kan waɗannan gidaje ake jera gajerun azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa. Da wannan dabara gwanaye sun rufe ɗakuna masu faɗin mita 7 ko 8 ba ginshiƙi ko ɗaya.

Sunayen da magina suka ba waɗannan siffofi sun cancanci nazari. Inda baka biyu suka gicciye juna suka ɗauki tulluwa, ana cewa ɗaurin guga, domin ya yi kama da yadda ake gicciya itace a bakin gugar ɗiban ruwa. Inda ƙafafu da yawa suka taso daga kowane gefe suka haɗu a tsakiya, ana danganta shi da laima. Akwai kuma ƙafar kaza. Shi kuwa cikakken baka wanda ya tashi daga wannan bango ya sauka a wancan, sunansa bakan gizo, watau sunan nan dai da ake kiran abin da ke fitowa a sama bayan ruwa. Ke nan an aro sunaye daga rijiya da fada da tsakar gida, amma uwar ƙirar duka daga sama aka aro sunanta.

Wannan aro yana da nauyi idan aka tuna matsayin bakan gizo a tunanin Bahaushe. An daɗe ana cewa bakan gizo shanye hadari yake yi, har ana kiransa masha-ruwa. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano ya buga littafinsa a 1946, ya kawo bayanin iskan da suke kira Gajimare, wanda suke dangantawa da maciji da bakan gizo. Ko da kamannin siffa ne kawai ya sa magina suka zaɓi sunan, ya dace da aikin rufi, tun da babban abokin gabar soro shi ne ruwa. Har ila yau, ita kalmar sama kanta a Hausa tana nufin samaniya, tana kuma nufin bisa. Bahaushe ba ya bukatar wata kalma dabam kafin ya ce saman ɗaki.

4.0 Gwanaye da Adonsu

Ƙwarewa a wannan aiki ta kai ƙololuwa a ƙarni na 19. A 1824 Hugh Clapperton ya tarar ana gina masallaci a Sakkwato, ya kuma ba da labarin cewa shugaban maginan mutumin Zazzau ne, wanda ya gaya masa mahaifinsa ya je Masar ya koyo wani abu na gini. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834-1846) ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ake kuma kira Malam Mika'ilu, ya gina masallacin Juma'a na Zariya, wanda masana ke ɗauka a matsayin gagarabadan ginin ƙasa a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 aka yi sabon ginin siminti a wurin, aka bar wani sashe na tsohon a cikinsa, an kuma kwaikwayi siffarsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, wanda Z. R. Dmochowski ya jagoranci kafawa. A Kano ana iya ganin irin wannan rufi a Gidan Rumfa da Gidan Makama da Gidan Ɗanhausa. Garuruwan da ke tsakanin biranen biyu, irin su Karaye, a cikin wannan da'ira ta sana'a suke, domin fadar hakimi da zauren attajiri da birni suke koyi.

Adon saman soro iri uku ne. Na farko shi ne jerin azarar kanta. Magini yakan jera ta a karkace a wannan gida, ya juya ta a na kusa da shi, har su ba da zane irin na saƙa, a bar ta a fili ba a yaɓe ba. Na biyu shi ne zanen da ake fitarwa da hannu a jikin baka da bango tun ƙasa tana ɗanya, kamar dagi da sauran zayyanar da ake gani a wuyan riga. Na uku shi ne tasa ko faranti da akan kafa a daidai inda bakuna suka haɗu, ta riƙa ɗaukar ɗan hasken da ya shigo tana mayarwa. A duk ukun, adon yana bin ƙirar rufin ne. Ido yana bin ƙafa daga bango har tsakiya, ya ga abin da ke ɗauke da me.

Launukan da aka fi aiki da su daga ƙasa da itatuwa suke: farar ƙasa, da jar ƙasa, da baƙi, sai makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, wadda ke ba bango duhun ja tana kuma kare shi daga ruwa. A nan ne karofi ya shigo. Katsi, watau abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, idan aka ƙona shi aka daka, aka haɗa da gashin jima da ruwan dafara, shi ne laso. Da laso ake dalaye rijiyar rini don kada ta tsotse ruwa, da shi kuma ake shafe bayan rufin soro. Saboda haka ƙasar marina irin ta Zarewa tana da abin da magini ke nema a kusa. Baban da ya rina rigar mai gida, tokarsa ce ke hana ɗakinsa yoyo.

Shi kuwa shuɗi a jikin gini, ya yawaita ne bayan shigowar kayan kanti. A shekarun 1820 aka gano hanyar haɗa shuɗin gari mai araha a Faransa, daga baya kamfanonin Ingila suka riƙa sayar da shi a matsayin bula ta wanki. Bula ta shiga kasuwannin ƙasar Hausa, mutane suka riƙa dama ta da farar ƙasa suna shafe ɗaki. Sai kuma fentin gwangwani ya biyo baya. Sarkin Kano Abdullahi Bayero (1926-1953) ya ziyarci Ingila a 1934, kuma Soron Ingila da ke Gidan Rumfa, mai bakuna da aka ƙawata da launuka masu haske, shaida ne na yadda sabon launi ya hau tsohuwar ƙira ba tare da ya ɓata ta ba.

5.0 Sama a Matsayin Rufi

Kamanta sama da rufi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun allo. Alƙur'ani mai girma ya siffanta sama da gini a Suratul Baƙara aya ta 22, ya siffanta ta da rufi abin kiyayewa a Suratul Anbiya'i aya ta 32, a Suratur Ra'adi aya ta 2 kuma ya ambaci ɗaukaka sammai ba da ginshiƙan da ake gani ba. Al'ummar da ta tashi da wannan karatu ba za ta yi mamakin a juya kamancen ba, a ce rufi ya yi kama da sama.

Ta fuskar hukunci kuma, abin da malamai suka yi magana a kansa shi ne surar abu mai rai. An ruwaito a Buhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Gajimare yana cikin wannan rukuni. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa adon bai gamu da ƙyama ba a gidajen Musulmi. A masallaci ne kawai malaman Malikiyya suka karhanta ƙawata alƙibla da abin da zai ɗauke hankalin mai salla.

A sauran ƙasashe, tarihin zana sama a rufi yana da tsawo. A Masar an zana taurari a rufin ɗakin kabarin Fir'auna Unas fiye da shekara 4,000 da suka wuce. A ƙasar Urdun, a ginin Ƙusair Amra na zamanin Banu Umayya, a farkon rabin ƙarni na 8, an zana buruji da taurari a cikin ƙubbar ɗakin wanka. A fadar Alhamra ta Garnaɗa a Andalus, a zamanin Sarki Yusuf na I (1333-1354), an yi rufin babban zauren da gutsattsarin katako fiye da 8,000, aka tsara su hawa-hawa domin nuni ga sammai bakwai. Waɗannan duka sama ce ta dare, ko kuma ta lissafi da tsari.

Samar rana mai gizagizai, wadda ake so ido ya ruɗu ya ɗauka ta gaske ce, daga Italiya ta yi ƙarfi. Tsakanin 1465 da 1474 Andrea Mantegna ya zana wata kafa zagayayya a rufin wani ɗaki a fadar Mantuwa, ana hango shuɗin sama da farin girgije ta cikinta. A ƙarshen ƙarni na 17 Andrea Pozzo ya yi irin wannan a rufin cocin Sant'Ignazio a birnin Rum. Daga fadoji da coci-coci adon ya sauko gidajen silima na Amurka a shekarun 1920, sa'an nan manyan kantuna da otal-otal, kamar waɗanda aka buɗe a Las Vegas a shekarun 1990. Daga nan ne ya zama kayan kasuwa da inji ke bugawa. Idan aka auna da wannan ma'auni, rufin Babban Gwani ya fi kusa da na Alhamra, domin dukansu tsari suka nuna; silin mai gajimare kuwa jikan na Mantuwa ne.

6.0 Zuwan Kwano da Silin

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, kwanon rufi da siminti suka samu hanyar shigowa da yawa. Da fari gine-ginen gwamnati da na kamfanoni da na En'e ne suka yi amfani da su. Daga baya aka fara yin siminti a cikin ƙasa: a Nkalagu a 1957, a Sakkwato a 1967, a Ashaka a 1979. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, da ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, da gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 wanda ya kai sakatariya da gidajen ma'aikata garuruwan hakimai, duk sun taru sun mai da bulo da kwano alamar ci gaba.

Ba daidai ba ne a ce mutane sun bar soro don rashin sanin darajarsa. Rufin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, kuma a ƙasa mai ruwa kamar Karaye da Rogo, sakacin shekara ɗaya na iya sa marka ta rusa ɗaki a kan masu shi. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta, sai ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Daɗin daɗawa, da rini ya ja baya saboda yadin kanti da shunin Turawa, karofi da yawa suka mutu, katsi ya yi wuya, laso ya bi shi. Mai gidan da ya sayi kwano hutu ya saya.

Amma kwano ya zo da nasa. Yana ɗaukar zafin rana ya juye cikin ɗaki, da dare kuma ya saki ɗumi nan da nan, alhali kaurin rufin ƙasa yana jinkirta zafi har rana ta faɗi. Yana da ƙara idan ana ruwa, kuma katakon da ke ɗauke da shi ba abin kallo ba ne. Maganin waɗannan duka shi ne silin: da fari tabarma ko kwali, sa'an nan allon asbesto da na katako, sa'an nan na roba, daga baya kuma farin garin nan da ake kwaɓawa a zuba, wanda ake kira fi'ofi.

Wannan shi ne babban juyi a tarihin saman ɗaki. A soro, abin da ke tare ruwa a waje shi ne abin da ake gani a ciki, mutum ɗaya ne kuma ya yi shi ya ƙawata shi. A ɗakin kwano abu biyu ne, da sarari a tsakaninsu, kuma aikin ya rabu tsakanin birkila da kafinta da mai silin da mai wayar lantarki da mai fenti. Silin ba ya ɗauke da komai, shimfiɗaɗɗen farin allo ne. Farin allo kuwa rubutu yake jira.

7.0 Gajimaren Fenti

Yadda ake aikin ba shi da wuyar bayani, ko da yake yana son hannu. Akan fara da share silin a toshe tsagoginsa, a shafa farin fenti na ƙasa. Sai a shafa shuɗi, ya fi kauri a tsakiya, yana raguwa yana yin fari-fari idan aka doshi bango, domin haka sama take ga mai kallo: ta fi shuɗi a tsakar ka, ta fi haske a gefe. Bayan ya sha iska, sai a tsarma farin fenti da ruwa, a riƙa dangwalawa da soso ko tsumma ana murzawa, ko a fesa da injin feshi. Gwani ba ya jera gizagizai daidai wa daida, yakan bambanta girmansu, ya bar gefensu ya narke cikin shuɗin, ya sa ɗan toka-toka a ɓangare ɗaya na kowanne domin a ji haske daga wuri guda yake zuwa. Da haka ɗan gajeren ɗaki kan yi kamar ya ƙara tsawo. Abin da bakan gizo ya samar da ƙasa da azara, watau sarari a bisa kai, shi ne mai fenti ke nema da launi.

Sai dai akwai tambayar da ta dace manazarcin harshe ya yi: wace sama ce wannan? Hausa tana da kalmomi da dama na yanayin sama. Akwai hazo na hunturu, lokacin da shuɗi ke ɓacewa ɗungum. Akwai lumshi. Akwai girgije da gajimare. Akwai kuma hadari, wanda ke haɗowa daga gabas baƙi ƙirin. Ga manomin Karaye ko na Rogo wanda ya yi shuka yana jira, kyakkyawar sama ita ce hadari. Fararen gizagizai a warwatse cikin shuɗi, idan shuka na yaushi, ba albishir ba ne. Irin wannan sama ba ta yin daɗin kallo sai bayan an ɗauke ruwa, ko kuwa dab da kaka sa'ad da amfani ya nuna. Amma da wuya a ga wanda ya sa aka zana masa hadari a falo. Samar da ake zanawa ta hutu ce, ta wanda abincinsa bai rataya a kan ruwan gobe ba. Ta wannan fuska adon yana ba da labarin sauyin rayuwa, daga gona zuwa albashi da kanti, fiye da yadda yake ba da labarin yanayin ƙasar.

Akwai kuma bambanci ta wajen abin da rufi ke gaya wa mai shi. Soro idan zai ba da matsala yakan nuna: tsaga ta bayyana a jikin baka, ko ƙasa ta fara zubowa. Silin kuwa yana ɓoye kwano da katako, ba a sanin halin da suke ciki sai tabon yoyo ya fito a tsakiyar gajimaren.

8.0 Kammalawa

An ga cewa saman ɗakin Bahaushe ya bi matakai uku: jinka, wadda ba a nemi ado a cikinta ba, soro, wanda adonsa ƙirarsa ce, sunan babban sashensa kuma daga sama aka ɗauko, sai silin, wanda ya ba mai fenti fili ya zana samar a zahiri. Sha'awar ɗaga kai a ga sarari ba sabuwa ba ce. Kayan aiki da masu aikin ne suka sake, kuma dalilan sakewar na tattalin arziki ne da na ruwan sama.

Abin da ke cikin haɗari shi ne ilmi da kalmomi. Ɗalibin Hausa na iya gama digiri bai san bakan gizo yana da ma'ana ta biyu ba, balle ɗaurin guga ko laso ko katsi. Waɗannan kalmomi a bakin magina da marina suke rayuwa, idan sana'a ta tafi sukan bi ta. Ayyukan da aka yi a kai, kamar na A. H. M. Kirk-Greene na 1963 kan gidaje masu ado a Zariya, da kundin digirin Hamman Tukur Sa'ad na 1981, da na Moughtin da Dmochowski, da Ingilishi aka rubuta su, kuma sun fi karkata ga manyan birane. Ya kamata sassan nazarin Hausa da na zanen gine-gine a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa hannu da masarautar Karaye, a auna sorayen da suka rage a Karaye da Rogo da Zarewa, a ɗauki bayanin tsofaffin magina da Hausarsu, a tattara kalmomin cikin ƙamus na sana'a.

Kuma sana'ar ba ta zama dole ta tsaya a gidan tarihi ba. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, daga baya ya sake rufinsa da bakuna da tulluwa, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Wannan ya nuna cewa inda aka sami gwani da jama'ar da ke son aikinsa, ana iya ci gaba da ɗaura baka. Masu fenti na yau ma suna da abin ɗauka daga sorayen da ke kusa da su, na daga rabon fili gida-gida da zayyana da launukan ƙasa, muddin an adana sorayen har su je su gani.